Ƙirƙirarriyar Basira a Matsayin Jagorar Kula da Lafiya: Amfaninta, Iyakarta da Matsalar Harshe ga Bahaushe

Tsakure

Manhajojin hira masu aiki da ƙirƙirarriyar basira sun shiga wayoyin jama'a, kuma sha'anin lafiya yana cikin abubuwan da ake yawan tambayar su: me ya kamata a ci, yaya za a rage ƙiba, mene ne ma'anar sakamakon gwajin da aka karɓo daga asibiti. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda manhajojin suke samar da amsa, da taimakon da suke iya yi, da wuraren da suke tuntuɓe. Ta fi mayar da hankali a kan matsalar da ta keɓanci mai magana da Hausa, wato yadda sunayen cututtuka na Hausa ba su zo daidai da rabe-raben likitancin asibiti ba. Matsayar maƙalar ita ce manhaja tana da amfani wajen gyara ɗabi'un yau da kullum, amma gano cuta da rubuta magani aikin wanda ya ga majiyyaci ne da idonsa.

1.0 Gabatarwa

Tun a shekarar 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT da ke Amurka ya samar da wata manhaja mai suna ELIZA, wadda take kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa ta hanyar juya maganar mutum ta mayar masa da ita a sigar tambaya. Duk da ƙarancin dabarar da ke cikinta, Weizenbaum ya lura cewa mutane suna sakin jiki da ita suna faɗa mata damuwarsu. Wannan ɗabi'a ta ɗan'adam ba ta sauya ba, na'urar ce ta ƙara ƙarfi. A ranar 30 ga Nuwamba, 2022 kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, daga baya irin su Gemini da Claude suka biyo, sannan a 2024 Meta AI ta bayyana a cikin WhatsApp a Nijeriya. Daga nan mai waya ba ya bukatar sauke wata sabuwar manhaja kafin ya yi tambaya.

Bahaushe dama bai taɓa rasa masu ba shi shawarar lafiya ba. Akwai wanzami da ungozoma da mai maganin gargajiya, akwai mai kemis na unguwa, akwai mai tallar magani da lasifika a kasuwa, ga maƙwabcin da ya taɓa yin irin ciwon. Manhajar hira ta shigo cikin wannan ayari ne, sai dai ta bambanta da su ta fuskoki uku: ba ta barci, ba ta gajiya da tambaya, kuma tana magana da lafazin masana. Nisan asibiti da tsawon layi da tsadar ganin likita za su sa mutane su ci gaba da komawa gare ta. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce yaya za a yi amfani da ita ba tare da an cutu ba.

2.0 Yadda Manhajar Hira Take Aiki

Injin da ke cikin waɗannan manhajoji babban tsarin harshe ne da aka horar da shi a kan ɗimbin rubuce-rubuce. Aikinsa na asali shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Bayan wannan horo na farko, sai a sa mutane su riƙa auna amsoshinsa suna fifita wasu a kan wasu, har ya koyi irin amsar da take gamsar da mai tambaya. Abubuwa uku ne suka biyo bayan wannan tsari, kuma duk sun shafi lafiya.

Na farko, kyawun lafazi ba shaidar gaskiya ba ne. Manhajar tana tsara jimla mai santsi a lokacin da ta dace da kuma lokacin da ta kuskure, ba tare da muryarta ta sauya ba. Na biyu, ƙwarewarta a harshe tana bin yawan rubutun da ta gani a harshen. A rumbun Common Crawl, wanda yake cikin manyan wuraren da ake ɗebo rubutun horarwa, Ingilishi ya haura kashi 40 cikin 100, Hausa kuwa ko kusa da kashi 1 ba ta kai ba. Na uku, iyakar abin da ta sani game da mutum shi ne abin da ya faɗa mata. Ba ta taɓa goshi ta ji zafi, ba ta duba launin ido, ba ta auna jini. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ita kuwa a ji kaɗai ta tsaya.

3.0 Bambancin Jagora da Likita

Likita yana sauraren tarihin ciwo, ya duba jiki, ya sa a yi gwaji, ya faɗi cutar, ya rubuta magani. Bayan haka alhakin abin da ya yi yana wuyansa, domin hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Nijeriya tana da ikon ladabtar da shi, har ta soke lasisinsa. Jagoran lafiya aikinsa daban ne. Ya yi kama da koci a fagen wasanni: yana taimaka wa mutum ya aiwatar da abin da an riga an san yana da amfani, kamar motsa jiki da daidaita cin abinci da samun isasshen barci da shan magani a kan lokaci, yana kuma ƙarfafa masa guiwa idan ya yi sanyi.

A wannan gurbi na biyu manhajar hira take da wurin zama. Kamfanonin da suke yin ta ma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa amsoshinta ba su maye gurbin shawarar ƙwararru. Ma'anar wannan a aikace ita ce idan aka bi maganarta aka cutu, da wuya a sami wanda za a kama.

4.0 Wuraren da Take Amfani

Amfani na farko shi ne mayar da shawarar masana ta zama jadawalin da mutum zai iya bi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Ta kuma ba da shawarar kada gishirin da mutum yake ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, sannan a ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa. Ma'aikacin da yake wuni a zaune zai iya gaya wa manhaja lokutan aikinsa da yanayin garinsu, ta raba masa minti 150 zuwa tafiyar minti 30 sau 5 a mako, ta sanya ta bayan sallar Asuba a watannin bazara da zafi yake haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Idan ya yi fashin kwana uku, za ta sake tsara masa ba tare da gori ba.

Na biyu shi ne adana bayanai. Mai hawan jini da yake auna kansa a gida zai iya ba ta lambobin sati biyu ta jera masa su, ta nuna masa ranakun da suka kai 140/90 ko suka haura, ya tafi wa likitansa da su a tsare. Na uku shi ne shiri kafin ganin likita. Ganawar asibiti gajera ce, kuma sau da yawa sai an fito ake tuna abin da aka so tambaya. Manhaja tana iya taimakawa a rubuta tambayoyin tun daga gida, ta kuma fayyace kalmomin da aka gani a takardar gwaji.

Akwai binciken da ake yawan kafa hujja da shi a nan. A 2023 mujallar JAMA Internal Medicine ta buga wani nazari da aka kwatanta amsoshin likitoci da na ChatGPT a kan tambayoyi 195 da mutane suka yi a intanet, inda masu tantancewa suka fifita amsar manhajar a kusan kashi 79 cikin 100. Sai dai abin da aka auna shi ne ingancin rubutacciyar amsa da tausasawarta, cikin Ingilishi. Ba a auna ko majiyyatan sun warke ba.

5.0 Wuraren da Take Tuntuɓe

Aibi na farko shi ne shaci-faɗi. Manhajar takan ƙirƙiro adadi ko sunan bincike ko ma'aunin magani, ta faɗe shi da cikakken tabbaci. Na biyu shi ne amsa tambaya ba tare da sanin dalilin yin ta ba. A watan Agusta na 2025 wata mujallar likitanci ta Amurka ta ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 60 da ya so daina cin gishiri. Bisa bayaninsa, bayan ya tuntuɓi ChatGPT sai ya maye gurbin gishirin da sinadarin sodiyam buromaid na tsawon wata 3. Ya ƙare a asibiti da ruɗewar tunani da gane-gane, ya yi kusan mako 3 ana jinyarsa. Da likita ya tambaya, abu na farko da zai ji shi ne: me za ka yi da shi?

Na uku shi ne shawara mai kyau ga wani ta zama guba ga wani. A 2023 wata ƙungiya a Amurka mai taimakon masu larurar cin abinci ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa, bayan an same ta tana ba masu wannan larura shawarar ƙidaya abin da suke ci da rage nauyi, alhali wannan shi ne tushen ciwon nasu. Na huɗu shi ne fadanci. Tun da an horar da manhajar ta gamsar da mai tambaya, takan karkata ga abin da yake son ji. A watan Afrilu na 2025 OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa manhajarsa saboda yawan yabo da amincewa da duk abin da aka ce mata. Wanda ya riga ya ƙudurta barin maganin hawan jini, ya tsara tambayarsa yadda za ta kai shi can, yana iya samun bafade maimakon mai gaya masa gaskiya.

6.0 Matsalar Harshe da Al'ada

Duk waɗannan aibobi sun shafi kowa. Mai magana da Hausa yana da ƙari a kansu, kuma a nan ne batun ya shigo fagen nazarin Hausa.

6.1 Sunayen cututtuka

Sunayen cututtuka na Hausa galibi a kan alama ko a kan abin da ake ganin shi ne sanadi aka gina su, likitancin asibiti kuwa a kan ƙwayar cuta ko gaɓar da ta lalace. Saboda haka suna ɗaya na Hausa yakan rufe cututtuka da dama. Kalmar shawara misali ce. Baya ga ma'anarta ta nasiha, tana nufin ciwon da ido yake yin ɗorawa. Wannan alama tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara da sauro yake yaɗawa, ko maleriya mai tsanani, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, kuma kowanne da irin jinyarsa. Manhajar da ta zaɓi ɗaya ta yi bayani a kansa ta rufe wa mutum ƙofa huɗu.

Sanyi ya fi haka faɗi. Akwai na yanayi, akwai mura, akwai sanyin ƙashi, akwai sanyin mata, akwai ciwon sanyi da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Wanda kunya ta sa ya ce sanyi ne yake damun sa, yana nufin na ƙarshen, ba mamaki a ba shi shawarar sa rigar ɗumi da shan shayin citta. Basir a asibiti kumburin jijiyoyin dubura ne, amma a bakin jama'a ya haɗa da taurin bayan gida da kumburin ciki da ciwon baya da raunin mazakuta. Haɗarin shi ne jini a bayan gida, wanda ake saurin kira basir, yana iya zama alamar sankarar hanji. Haka nan ciwon zuciya yana nufin larurar gaɓar kanta, yana kuma nufin baƙin ciki.

Zazzaɓi ma haka yake. An saba kiran kowane zafin jiki maleriya ko taifot, kuma da dalili, tun da Nijeriya ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Duk da haka, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya, domin sanƙarau da zazzaɓin Lassa da wasu cututtukan su ma da zafin jiki suke farawa. Gwajin ɗigon jini ne yake raba gardama, kuma manhaja ba ta da shi.

6.2 Rubutu

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, sannan masu rubutu a waya sukan yar da ƙugiyar haruffa. Sai ƙashi na jiki da kashi na bayan gida da kashi na rabo su zama kalma ɗaya a allon waya. Kalmar ciki kuwa tana nufin tumbi, tana nufin juna biyu. Ɗan'adam yana warware wannan da duban mai magana da yanayin zancen. Manhaja hasashe take yi, kuma bambanci tsakanin mai ciwon ciki da mai ciki bambanci ne da ya shafi irin maganin da ya halatta a sha.

6.3 Abinci da ibada

Ma'aunan abincin Bahaushe, irin su malmala da ludayi da kwano, ba su da tsayayyen nauyi. Idan manhaja ta faɗi adadin kuzarin da ke cikin malmalar tuwo ɗaya, kintace ne, domin malmalar wani gida ta ninka ta wani. Batun gishiri ya fi wannan muhimmanci. Abin da ake gudu a gishiri shi ne sinadarin sodiyam, kuma yana nan da yawa a dunƙulen ɗanɗanon miya da ake kira magi, yana nan a kanwa da ake sawa a ɗanwake da wake da kunu. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa da shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, ko da yake binciken baya ya ƙaro wasu dalilan. Mai hawan jinin da aka ce ya rage gishiri, ya rage na cokali ya bar kanwa da magi yadda suke, bai yi aikin ba. Manhajar da ba a ambata mata kanwa ba, ba lallai ta tambaya ba.

Azumi ma wuri ne na taka-tsantsan. Jagorar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar game da watan Ramadan ta ce mai ciwon suga ya karya azumi idan sugansa ya sauka ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita, ko ya haura 300. Manhaja tana iya tuna wa mutum wannan, ta kuma taimaka masa ya tsara sahur da buɗa-baki. Sauya lokacin shan magani ko rage allurar insulin kuwa sai likitan da ya san tarihinsa, kuma kafin watan ya kama.

7.0 Sirrin Majiyyaci

Abin da aka rubuta wa manhaja yana tafiya ne zuwa rumbun kamfani, galibi a wata ƙasa, kuma wasu kamfanonin suna amfani da hirarrakin wajen ƙara horar da injinsu sai idan mai amfani ya kashe wannan zaɓi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da yake bukatar kariya ta musamman, amma kariyar farko a hannun mai waya take. Babu bukatar ba manhaja cikakken suna ko adireshi ko lambar katin asibiti, kuma idan za a ɗora hoton takardar gwaji a rufe sunan tukuna. Bayanin ciwon wani, ko da mata ce ko ɗa ko mahaifi, amana ce da ba a bayarwa sai da izininsa. A gidajen da ake karɓa-karɓar waya ɗaya, hirar da ba a goge ba tana nan ga duk wanda ya ɗauka.

8.0 Ƙa'idojin Amfani

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji 6 na amfani da ƙirƙirarriyar basira a fannin lafiya, na farkonsu shi ne kare ikon ɗan'adam a kan shawarar da ta shafi jikinsa. Ta ƙara da wata jagorar a Janairun 2024 game da manyan tsare-tsare irin na manhajojin hira. Waɗannan sun fi fuskantar gwamnatoci da kamfanoni. Ga mai amfani na yau da kullum, bayanan da suka gabata sun kai mu ga waɗannan:

i. A siffanta alama maimakon kiran sunan cuta: ina ne yake ciwo, tun yaushe, me yake ƙara shi.

ii. A faɗi shekaru da jinsi da juna biyu da cututtukan da ake da su da duk maganin da ake sha, har da na gargajiya.

iii. A bukaci manhajar ta maimaita abin da ta fahimta kafin ta ba da amsa, ta kuma yi tambaya idan kalma ta rikita ta.

iv. Kada a fara magani ko a daina ko a sauya ma'auninsa da maganarta kaɗai.

v. A tambaye ta illar abin da ake son yi, ba amfaninsa kawai ba, domin toshe ƙofar fadanci.

vi. Duk adadin da za a yi aiki da shi a tabbatar da shi wurin ma'aikacin lafiya.

vii. Akwai alamomin da ba a tsayawa hira a kansu: ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, jijjiga, sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi, zubar jini ko matsanancin ciwon kai ga mai juna biyu, zafin jiki ga jariri, da tunanin kashe kai. Waɗannan asibiti ake nufa kai tsaye. Lambar kiran gaggawa a Nijeriya ita ce 112.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa manhajar hira tana da amfani a matsayin jagora mai tsara motsa jiki da abinci da adana bayanai da shirya mutum ganin likita, kuma haɗarinta yana farawa ne daga inda aka ɗora mata aikin gano cuta. Ta kuma nuna cewa wani babban ɓangare na haɗarin ga Bahaushe daga harshe yake. A nan manazarta Hausa suna da aikin da injiniya ba zai iya yi shi kaɗai ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, da littafin Lewis Wall na 1988 a kan magungunan Hausawa, da rubuce-rubucen Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, sun tara abu mai yawa game da yadda Bahaushe yake kiran ciwo. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa da kwalejojin likitanci su haɗa hannu su samar da ƙamus na sunayen cututtuka mai nuna dukkan ma'anonin kowace kalma a karuruwan Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, tare da jerin tambayoyin gwaji da za a riƙa auna manhajojin da su. Ƙungiyoyi irin su Masakhane, masu aikin shigar da harsunan Afirka cikin wannan fasaha, suna bukatar irin wannan gudummawa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda ya san ma'anoni biyar na kalmar sanyi shi ne ya fi cancanta ya koya wa na'ura ta tambaya wanne ake nufi.